Gibin amfani da intanet tsakanin yankunan Najeriya

Gibin amfani da intanet tsakanin yankunan Najeriya shi ne bambancin da ake samu daga wani yanki na ƙasar zuwa wani wajen yawan mutanen da ke hawa intanet da kuma irin amfanin da suke yi da shi. Gibin ya fi fitowa fili ta fuskoki uku: tsakanin Kudu da Arewa, tsakanin birane da karkara, da kuma tsakanin maza da mata. Waɗannan fuskoki suna hawa kan juna, don haka matar da ke zaune a karkarar Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas tana cikin waɗanda suka fi kowa nisa da intanet a ƙasar. Jihar Kano misali ce da ke nuna gibin a cikin jiha guda. Tana cikin jihohin da suka fi yawan layukan intanet a Najeriya, amma akwai tazara mai yawa tsakanin ƙwaryar birnin Kano da ƙananan hukumomin karkara irin su Gaya da Ajingi.

Ma'ana da yadda ake aunawa

Masu nazarin harkar sadarwa suna raba gibin gida biyu. Na farko shi ne gibin isar sabis, wato mutanen da ke zaune a inda babu sabis mai ɗaukar intanet kwata-kwata. Na biyu shi ne gibin amfani, wato mutanen da sabis ya iso garinsu amma ba sa hawa intanet saboda rashin waya, tsadar data, rashin iya karatu ko wani dalili. A Najeriya, kamar sauran ƙasashen Afirka kudu da Sahara, mutanen da ke rukuni na biyu sun fi na farko yawa.

Alƙaluman da ake amfani da su suna fitowa ne daga wurare uku. Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, tana fitar da yawan layukan da ke aiki duk wata. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana rarraba waɗannan layuka jiha-jiha. Sai kuma binciken gida-gida, kamar Binciken Yawan Jama'a da Lafiya wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, inda ake tambayar mutum kai tsaye ko ya taɓa amfani da intanet.

Ƙidayar layuka da ƙidayar mutane ba abu ɗaya ba ne. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana iya riƙe layi uku, a wani gida kuma na ƙauye mutum takwas suna aron waya ɗaya. Wannan ya sa alƙaluman layuka kan nuna kamar intanet ya yaɗu fiye da yadda yake. Haka kuma jimillar da ake bayarwa ga jiha takan haɗe birni da ƙauye wuri guda, sai bambancin da ke tsakaninsu ya ɓuya.

Tarihi

An kafa NCC a 1992. Kafin 2001 layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma akasarinsu suna manyan birane ne a ƙarƙashin kamfanin gwamnati na NITEL. A watan Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane kamfani da ya samu ya biya dala miliyan 285. MTN da Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya koma Airtel, sun fara aiki a watan Agustan shekarar. Globacom ya shigo a 2003, sai Etisalat a 2008, wanda ya koma 9mobile a 2017. Tun farko kamfanonin sun soma ne da Legas, Abuja, Fatakwal da sauran manyan birane, sannan suka bi manyan tituna, daga ƙarshe suka doshi ƙauyuka.

Hanyoyin da ke haɗa Najeriya da intanet na duniya wayoyi ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. SAT-3 ta fara aiki a farkon shekarun 2000, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google da ta iso a 2022. Dukkansu a Legas suka sauka. Kafin wannan ƙarfi ya kai Kano sai an ja wayar faiba a ƙasa tsawon kimanin kilomita 1,000, ta ratsa jihohi da dama. Shekaru da yawa wannan ya sa farashin intanet na sari ya fi sauƙi a Legas fiye da sauran sassan ƙasar.

Kowane sabon ƙarni na sabis ya bi sawun wanda ya gabace shi. Lokacin da MTN ya buɗe 5G a 2022, ya fara ne da birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. A daidai lokacin akwai garuruwan karkara da sabis ɗinsu bai wuce 2G ba, wanda ya isa kira da saƙon tes amma ba ya ɗaukar bidiyo ko shafuka masu nauyi.

Girman gibin

Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na 2018 ya gano cewa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 81 cikin ɗari na maza suna da wayar hannu, mata kuma kashi 55. Waɗanda suka yi amfani da intanet a cikin shekara ɗaya kafin binciken sun kai kusan namiji ɗaya cikin uku da mace ɗaya cikin shida. Da aka rarraba sakamakon shiyya-shiyya, Kudu maso Yamma ce a sama, Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas kuma a ƙasa. Yawan masu amfani da intanet ya ƙaru tun daga lokacin, amma tazarar da ke tsakanin Kudu da Arewa ba ta gushe ba.

A rahotannin NBS, jihohin Legas, Ogun da Kano su ne suka saba zuwa a sahun gaba wajen yawan layukan intanet. Sai dai a ƙidayar 2006 Kano tana da mutum kimanin miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Ogun kuwa ba ta kai miliyan 4 ba. Duk da haka layukan Legas sun kai kusan ninki biyu na na Kano, Ogun kuma takan yi kunnen doki da Kano. Idan aka auna layuka da yawan jama'a, Kano tana baya da jihohin biyu nesa ba kusa ba.

Ta ɓangaren isar sabis, NCC ta bayyana cewa a 2013 akwai gungun yankuna 207 da ba su da sabis ko kuma sabis ɗinsu bai wadatar ba, masu mutum kimanin miliyan 37. Adadin ya sauko zuwa 114 a 2019, sannan 97 a 2022, masu mutum kimanin miliyan 27.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2023 kashi 81 cikin ɗari na mazauna birane a duniya suna amfani da intanet, na karkara kuwa kashi 50. A Afirka, kason mazauna birane ya fi ninki biyu na na karkara.

Dalilai

Talauci da tsada

Rahoton NBS na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin talauci. Kashi 65 na waɗannan mutane a Arewa suke. A karkara talaucin ya shafi kashi 72, a birane kashi 42. Jihar Sakkwato ce ta fi kowa da kashi 91, Ondo kuma ta fi ƙaranci da kashi 27. Taswirar talaucin ta yi kama sosai da taswirar rashin intanet.

Babban shingen farko shi ne kuɗin babbar waya. Wayoyin daga waje ake shigo da su, don haka faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashinsu. Sabuwar babbar waya ko da mai araha ce takan kai ko ta wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A watan Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50. Manomin da kuɗi ke shigo masa da kaka kawai yakan gwammace ƙaramar waya mai madannai, wadda ke riƙe caji kwanaki.

Lissafin kamfanoni da wutar lantarki

Kafa turken sadarwa a ƙauye ya fi tsada, ribarsa kuma ta fi ƙaranci, saboda mutanen a warwatse suke kuma katin da suke saye kaɗan ne. Akasarin turakun da janareta mai shan dizal suke aiki, sai an yi ta kai musu mai da gadi. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki ta gwamnati. Rashin wuta ya shafi mai wayar ma, domin babbar waya tana buƙatar caji kullum, kuma a ƙauyuka da dama sai an biya mai shagon caji. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama, har da Kano, sun yi kwanaki babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta.

Akwai kuma kuɗin haƙa da gwamnatocin jihohi ke karɓa kafin a binne wayar faiba. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa sun ci gaba da karɓar dubban nairori. Sai a 2020 wasu suka sauko, inda Katsina ta koma naira 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin gaba ɗaya.

Karatu da harshe

Yawancin shafukan gwamnati, na bankuna da na makarantu da Turanci suke. Jihohin Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas su ne suka fi yawan manya da ba su yi karatun boko ba, musamman mata. Mutane da yawa a yankin suna karanta Larabci da Hausar ajami, amma madannai da manhajojin da ke zuwa da wayoyi an tsara su ne da haruffan boko ko na Larabci zalla, kuma abin karantawa da ajami a intanet kaɗan ne. Hatta haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, ba kowace waya ce ke fito da su kai tsaye ba.

An samu ci gaba ta wannan fanni. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya ƙara Hausa a 2016. Sassan Hausa na BBC, DW da RFI suna da shafuka, kuma masu shirya finafinan Kannywood sun koma sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube. Saƙon murya na WhatsApp da gajerun bidiyoyin TikTok sun buɗe ƙofa ga waɗanda ba sa iya rubutu. Sai dai wanda ya iya sauraron saƙon murya ba lallai ne ya iya cike fom ɗin neman aiki ko na tallafi da kansa ba.

Matsayin mata

Cibiyar CITAD da ke Kano, wadda Y. Z. Ya'u ke jagoranta, ta yi bincike a kan amfanin mata da intanet a Arewa. Ta gano cewa magidanta da iyaye maza da yawa ba sa son matansu ko 'ya'yansu mata su riƙa hawa intanet, saboda fargabar lalacewar tarbiyya da haɗuwa da baƙin maza. Cin zarafi da yaɗa hotunan mata a shafukan sada zumunta sun ƙara wa wannan fargaba ƙarfi. A gidaje da dama waya ɗaya ce mai intanet, tana hannun maigida, kuma da ita yake fita tun safe.

Rashin tsaro

A watan Satumban 2012 'yan Boko Haram sun kai hare-hare kan turakun sadarwa a wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano, Borno da Yobe. A watan Mayun 2013 an katse sabis a Borno, Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2021 an katse sabis a duk Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi ƙananan hukumomi 13 na Katsina, 14 na Sakkwato da wasu sassan Kaduna. Turken da aka ƙona ko aka kasa kai wa mai a irin waɗannan wurare yakan daɗe bai dawo aiki ba.

Rajistar layuka

A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. A watan Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya, wa'adin ƙarshe kuma ya cika a watan Satumban 2024. Wuraren yin rajista sun fi yawa a birane da hedikwatocin ƙananan hukumomi, don haka mutanen ƙauye, musamman mata da tsofaffi, su ne suka fi shan wahalar dawo da layukansu.

Jihar Kano: birni da karkara

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Takwas daga ciki, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, su ne ake ɗauka a matsayin ƙwaryar birni. A nan ne ake da manyan kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut, Jami'ar Bayero, mahaɗar intanet ta IXPN, da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a 2023. Manyan ofisoshin kamfanonin waya da ƙwararrun masu gyara ma a nan suka fi yawa.

Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi suna gabashin jihar, a kan iyaka da Jigawa, kuma tare da Albasu suke da mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai. A ƙidayar 2006 Gaya tana da mutum kimanin 200,000, Ajingi kimanin 170,000. Akasarin jama'ar manoma ne, makiyaya da 'yan kasuwa. Kademi ɗaya ce daga mazaɓu goma na Gaya, tare da irin su Shagogo, Gamarya, Balan da Kazurawa. A Ajingi akwai mazaɓu irin su Toranke, Balare, Gafasa da Chula.

Yankin yana tsakanin cibiyoyin ilimi biyu: Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda suke, da Dutse, inda aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Babban titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil zuwa Dutse ya ratsa ƙasar Gaya. Kamar yadda aka saba gani a karkarar Arewa, sabis ya fi ƙarfi a bakin babban titi da cikin hedikwatar ƙaramar hukuma, yana raguwa yayin da aka nausa cikin ƙauyuka da rugage. Ke nan a cikin ƙaramar hukuma ɗaya ma akwai gibi tsakanin gari da gari.

A irin waɗannan garuruwa mutane da yawa suna cin moriyar intanet ta hannun wasu. Masu turin finafinai da waƙoƙi suna saukewa daga intanet, su tura wa mutane a memori a kan kuɗi kaɗan. Masu POS suna tsayawa a madadin banki. Masu shagon kwamfuta suna cike wa ɗalibai fom, su duba musu sakamako. Ɗalibi ko malamin makaranta mai babbar waya yakan zama wanda 'yan uwa da maƙwabta ke kai wa buƙatunsu. Wannan tsari yana rage kaifin gibin, amma yana da tsada, kuma yana sa mutum ya miƙa wa wani lambobinsa na sirri, abin da masu damfara kan yi amfani da shi.

Illoli

A fannin ilimi, hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita tilas ga kowa a 2015. Ɗalibin da ya tashi a mazaɓa irin Kademi ko Toranke sai ya je cibiyar da aka amince da ita domin rajista da zana jarrabawa, kuma yana gogayya ne da takwaransa na birni wanda ya saba da kwamfuta tun yana ƙarami. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, wasu makarantu masu zaman kansu a birane sun koma karatu ta intanet, jihohin Arewa da dama kuma, har da Kano, sun dogara da darussan rediyo da talabijin.

A fannin kuɗi, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutane ciniki ta hanyar tura kuɗi. A kasuwannin ƙauye masu raunin sabis, cinikin hatsi da na dabbobi ya yi tsaiko, wasu manoma suka sayar da kaya da araha ga mai tsabar kuɗi a hannu. Shirye-shiryen gwamnati na ɗaukar aiki, bashin karatu da tallafi ma yanzu ta intanet ake nemansu, wanda hakan ke nufin waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi wahalar isa gare su.

A fannin siyasa, lokacin muhawarar gyaran dokar zaɓe a 2021, NCC ta shaida wa Majalisar Wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓe ne kawai ke da sabis na 3G. Batun ya raba kan 'yan majalisa a kan aika sakamakon zaɓe ta intanet.

Matakan da ake ɗauka

Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin tallafa wa kai sabis yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma asusun ya fara aiki a 2006. Tsarin Ƙasa na Intanet Mai Sauri na 2013 zuwa 2018 ya sa burin kaiwa kashi 30 cikin ɗari, kuma NCC ta ce an cimma hakan a ƙarshen 2018, lokacin shugabancin Farfesa Umar Garba Danbatta. Tsari na biyu, na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da Isa Ali Ibrahim Pantami yake ministan sadarwa, ya sa burin kashi 70, da saurin megabit 25 a daƙiƙa a birane da 10 a karkara, da kuma kada gigabayit ɗaya ya wuce naira 390. Wa'adin ya ƙare adadin yana wajen kashi 50.

A 2024 gwamnatin tarayya, ta hannun ministan sadarwa Bosun Tijani, ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin wayar faiba ta kilomita 90,000 a kan kimanin 35,000 da ake da ita, tare da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet. A shekarar ne kuma aka sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba su kariya ta musamman. Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidajen karkara.

CITAD da wasu ƙungiyoyi suna fafutukar a samar da tsarin da zai bai wa al'ummomin karkara damar kafa ƙananan hanyoyin sadarwa na kansu masu amfani da sola. Masu nazari da dama suna ganin kafa turaku kaɗai ba zai rufe gibin ba, sai an haɗa da sauƙaƙa farashin waya, koyar da amfani da ita a makarantun boko da na Islamiyya, shigar da mata cikin horon, da kuma fassara shafukan gwamnati da na bankuna zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasar.

Duba kuma

Sadarwa a Najeriya
Ƙaramar Hukumar Gaya
Ƙaramar Hukumar Ajingi
Jihar Kano
Ajami